Iska ma hanyar sauƙi take bi: saƙo ga ɗan yayata mai haɗa jirgi a Isa

Tun shekaranjiya ake ta turo min bidiyon yaron nan na Isa da ya haɗa gangar jirgin sama a bayan gidansu, wasu har suna tambaya ko na san shi. Na san shi mana, ɗan yayata ne, a hannuna ya yi sakandare. Na karanta abin da kuka rubuta. Akwai masu sa albarka, akwai masu kiran gwamnati ta ɗauki nauyinsa, akwai kuma masu cewa ya ɗora inji ya tashi mu gani. Na farko da na biyu na gode. Na ukun ne suka hana ni barci.

Bari in fara da abin da ya same ni. A watan Maris na bara, injin ban-ruwan da nake shayar da albasata a fadamar Sabon Birni ya fara zafi fiye da kima. Na kai wa wani bakanike, ya duba, sai ya kwance gwangwanin da ya lulluɓe kan silinda ya jefar gefe. Ya ce min, "Malam, wanga shi ka hana mai shan iska." Ni da nake koyar da kimiyya na tsaya ina gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da gaskiya. Kwana 3 inji ya cije. Kun dai san yadda hanyoyinmu suke yanzu, ba kullum mutum ke ɗaukar ransa ya hau hanyar Sakkwato don neman fistan da ringi ba. Kafin kaya su iso an yi mako, rabin albasar ya ƙone.

Daga baya na gane wautarmu. Fankar injin tana hura iska, gwangwanin nan kuma shi ke tilasta mata ta ratsa tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke jikin silinda, inda zafin yake. Da aka cire shi, iska ta samu fili ta watse. Iska ba ta son wahala, duk inda ta ga sauƙi nan take bi.

To ranar Asabar da yaron ya kira ni ta bidiyo, yana nuna min injin tsohuwar Volkswagen Beetle da yake son ɗorawa, sai na ga ya yanka manyan ramuka biyu a hancin jirgin. Ya ce, "Kawu, dubi yadda iska za ta shiga." Na ce, "Za ta shiga, ɗana. Ta ina za ta fita?" Ya yi shiru.

Zaɓen injin bai yi kuskure ba, an daɗe ana gyara injin Volkswagen ana sa wa ƙananan jirage a ƙasashen waje. Amma a jirgi ana cire fankar motar, sai ya zama gudun jirgin da farfela su ke turo iskar. Masu haɗa jirgi a gida suna raba cikin murfin inji gida biyu. Iska ta shigo ta ƙofofin hanci ta taru a saman inji, a katange ta da falanken alminiyam, ba a bar mata mafita ba sai ta tsakanin haƙarƙarin silinda zuwa ƙasa, daga nan ta fice ta bayan murfin. Wasu suna sa roba a bakin falanken ta manne da murfi. Wasu kuma suna yi wa saman injin akwatin iska nasa na kansa, mai marfi.

Wurin da aka fi shan wuya shi ne mahaɗar ƙofar hanci da akwatin. Murfi yana ɗaure a jikin jirgi, inji kuwa yana kan roba, yana girgiza, musamman lokacin tayarwa da kashewa. In ka haɗa su da abu mai tauri zai tsage, in ka bar rata iska ta gudu. Shi ya sa ake sa wuya mai laushi, na robar da ke jure zafi ko irin yadin rigar masu nutso a teku, a ɗaure shi tam. Robar bakin falanki kuma dole ta lanƙwaso ciki, yadda ƙarfin iskar zai ƙara danna ta jikin murfi. In ta juya waje, ta zama ƙofa.

Kada ku raina 'yar rata. Ku yi lissafi: ratar milimita 3 da ta yi tsawon mita 1, in aka tattara ta wuri ɗaya, rami ne da ƙaramin lemo zai wuce.

Wannan ilimin ba baƙo ba ne a Arewa. Jirgin Air Beetle da sojojin saman Najeriya suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi a Kaduna, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Amurka, irin wanda mutane ke sayen sassansa su haɗa a garejin gida. An yi odar guda 60, a Kaduna aka harhaɗa su, da injin Lycoming mai sanyaya kansa da iska. Masu wannan injin sun sa iyakar zafin kan silinda a digiri 260, amma mai son injinsa ya daɗe yana riƙe shi kusa da 200. Ku tuna kuma lissafin jirage ana gina shi a kan iska mai digiri 15, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Ratar da Bature zai tsira da ita a garinsu, a Gobir ba ta yafiya. Kuma lokacin da inji ya fi zafi shi ne lokacin tashi: wuta a buɗe, gudu kaɗan, ƙasa na kusa. Injin ban-ruwa in ya cije, albasa ce ta tafi. Wannan fa?

Na ba shi aiki uku da ba sa cin kuɗi sosai. Da dare ya sa tocila a ƙarƙashin inji ya leƙa ta sama, duk inda haske ya ɓullo ba ta tsakanin haƙarƙari ba, ya toshe da jan gam mai jure wuta. Ya samo siririn tiyo mai garai-garai ya lanƙwasa, ya zuba ruwa, baki ɗaya a saman inji ɗaya a ƙasa, ya ga ko ruwan yana nuna bambanci in iska na shiga. Sannan kada ya bar injin ya daɗe yana aiki ba tare da ma'aunin zafi a kan silinda ba. Maganar tashi kuwa na ce babu ita sai masana sun duba, hukumar NCAA ta yarda.

Muna da tarihin irin waɗannan yara. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa helikwafta a Kano da injin Honda Civic, ya ɗaga ƙafa 7 daga ƙasa, duniya ta ɗauka. Basira ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba. Abin da ke ƙaranci shi ne wanda zai zauna da yaro ya nuna masa irin 'yar robar nan da ba ta fitowa a bidiyo.

Don haka ga roƙona. In a cikinku akwai wanda ya yi karatun gyaran jirgi a kwalejin Zariya ko AFIT ta Kaduna, ko tsohon sojan sama da ya taɓa kwance murfin Air Beetle, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo. Awa ɗaya ta waya ta isa a fara. Masu cewa ya tashi mu gani kuma, ku yi haƙuri, uwarsa shi kaɗai gare ta namiji.

Allah Ya tsare mana yaranmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir. Amin.