Masarar Inna

Shekarar da aka kai ni Rijiyar Zaki ina amarya, marka ta same mu rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Ran nan da la'asar sai ga yayyen maigida mata su uku. Wallahi cikina ya ɗuri ruwa.

Inna, uwar mijina, ta leƙo ta ce, "'Yar nan, ai masarar bayan gida ta yi goyo."

Na karyo, na ɓare, na cusa a wuta tana ci bal-bal. Waje ya ƙone ƙurmus, ciki ɗanye shar. Sai hawaye.

Inna ko faɗa ba ta yi ba. Ta karyo wasu, ta bari itace ya zama garwashi, ta jera tana juyawa tana fifita. Ta shafa man shanu, ta barbaɗa gishiri da yajin ƙuli. Baƙi suka cinye, sai totuwa.

Suka ce, "Amarya akwai hannu!" Inna ta ce, "Ai kuwa."

Ƙonannun kuwa akuya ta ba wa, ba wanda ya ji. 'Yar uwa, har yau in na ji ƙamshin gasasshiyar masara sai na ce Allah ya jiƙan Inna.