Wasiƙa Zuwa Ga Ƙanwata Mai Juna Biyu

Assalamu alaikum ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya laulayi? Allah ya raba lafiya.

Inna ta ce kin fara zuwa awo, amma ƙwayoyin ƙarin jinin da aka ba ki suna nan jibge cikin kwanon sha, wai matan unguwa sun ce suna sa jariri ya yi ƙato har a sha wuya wurin haihuwa. Don Allah ki bar wannan zancen. Abin tsoron shi ne ƙarancin jini: yana jawo haihuwar bakwaini ko ɗa ɗan mitsitsi, kuma macen da ta hau gwiwa ba jini, zubar jini kaɗan ma sai ya kayar da ita.

Jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, tuwo da miya kaɗai ba sa cike wannan gurbin. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta riƙa shan sinadarin ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid maikrogiram 400 kullum. Folik asid ɗin ne ke kare ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri tun makonnin farko. Yanzu ma wasu asibitocin na bayar da ƙwaya guda mai sinadarai 15, har da aidin da zink. In ita aka ba ki, ta maye gurbin ƙwayar ayon da folik asid.

Na san warin ƙarfen ƙwayar ƙarin jinin na tayar da zuciya. Ki sha da daddare bayan abinci. Kada ki kora da shayi, don yana hana jiki zuƙar ayon. Ruwa ko lemun zaƙi ya fi. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai ba ne. In ciki ya ɗaure, ki yawaita ruwa da kwaɗon zogale. In an haɗa miki da kalsiyam saboda gudun hawan jini da jijjiga, ki raba musu lokaci, kalsiyam da safe, ƙwayar ƙarin jini da dare.

Ki duba cikin fatar idonki da tafin hannunki. In sun yi fari fat, ko jiri da haki suna damunki, ki koma wurin malamar asibiti, kada ki jira ranar awo.

Ki nuna wa maigidan wasiƙar nan, shi zai riƙa tuna miki. Ki gaishe shi tare da surukarki. Allah ya sauke ki lafiya.

Taki,
Yayarki