Tantin Sama Mai Hawa Da Sauka

Da yawa daga cikinmu kan yi shekara huɗu ko biyar a Amurka, amma in an tambaye mu me muka gani, sai aji da ɗakin karatu da kantin da muke sayen shinkafa. Ba rashin so ba ne, kuɗin otal ne ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Alhali kuwa a jihohin yamma irin su Yuta da Nebada da Arizona, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya da ake kira BLM tana riƙe da fili wajen eka miliyan 245, kuma a mafi yawansa mutum zai kafa tantinsa kyauta har tsawon kwana 14. Wannan ne ya sa ni da wani abokina muka haɗa kuɗi muka sayi 'yar ƙaramar tirela da tsohon tanti irin wanda ake ɗorawa a kan mota, muka ƙera masa kariya mai hawa da sauka.

Mai karatu zai ce, me ya sa sai mai hawa da sauka? Dalili shi ne hanya da masauki kowanne da bukatarsa. A kan hanya ana son kaya su yi ƙasa, domin in nauyi ya yi sama tirela takan yi tangaɗi a kwana, iska ta riƙa dukan tantin, mota ta ƙara shan mai. Ga kuma ƙofar gareji a nan wadda galibi ƙafa 7 ce. A masauki kuwa ana son tantin ya yi sama, yadda mutum zai tsaya a ƙarƙashinsa bai sunkuya ba. A wurinmu wannan ba ƙawa ba ce, domin nan ne inuwar da muke shimfiɗa darduma mu yi salla, kuma in an zagaye shi da labule ya zama ɗakin sauya kaya ga mai iyali.

Ginshiƙai huɗu muka yi, kowanne bututun ƙarfe biyu ne masu kusurwa huɗu, ƙarami a cikin babba. Mun zaɓi irin wanda ake kafa allunan gefen titi da shi, ana ce masa Telespar, saboda an yi shi ne don ɗaya ya shiga cikin ɗaya: mai inci 1¾ yana shiga mai inci 2, ga huda a kowane inci. Wannan ya hutar da mu aikin huda. Babban bututun mai tsawon inci 36 muka kafe shi a jikin firam ɗin tirela, wanda ke da nisan inci 20 daga ƙasa. In an sauke kariyar tana tsayawa a wajen inci 58, tantin a naɗe ya ƙara inci 12, ka ga ke nan gareji mai inci 84 ya ishe shi har da saura. In an ɗaga inci 24 sai ta kai inci 82. Ba mu yarda a wuce nan ba, domin dole inci 12 na ƙaramin bututun ya rage a cikin babban, in ba haka ba ginshiƙin zai riƙa lilo.

Sai maganar nauyi. Tantin da kariyar sun kai fam 190, wato wajen kilo 86, wanda ba kowa ke iya cicciɓawa ba. Saboda haka muka sa sandunan iska huɗu, irin masu riƙe murfin but ɗin mota, kowanne mai ƙarfin fam 40. Da gangan muka bar jimillarsu, fam 160, ƙasa da nauyin kayan, don kada a zare sakata kariyar ta yi tsalle ta daki haɓar mutum. A lura, sandunan taimakon ɗagawa kawai suke yi, kuma ƙarfinsu kan ragu a lokacin sanyi. Abin da ke ɗauke da masu barci shi ne sakatar ƙarfe da ake zurawa a kowane ginshiƙi. Sannan ɗagawa sai mutum biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, a tare, don in kusurwa ɗaya ta riga sauran, bututun zai cije ya ƙi motsi. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon duk mai niyyar wannan aiki kada ya yi wasa da su. Na farko, wannan ƙarfe an lulluɓe shi da sanadarin zinki don maganin tsatsa, kuma hayaƙinsa a lokacin walda yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, don haka a kankare wurin kafin walda, a yi aikin a fili. Na biyu, a daidaita kaya yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar zai sauka a kan mahaɗarta da mota. In nauyi ya koma baya za ta riƙa wutsil-wutsil a babban titi, kuma a nan ba ran mai ita kaɗai ke cikin haɗari ba. Na uku, a sa jak biyu a bayan tirela kafin kowa ya hau tsani, musamman in an kwance ta daga mota. Don maganin ƙara a hanyar burji, mun liƙa noti a jikin kowane babban bututu, da ƙusar da ake murɗawa ta danne na ciki, muka kuma sa ƙarfen tokara a karkace tsakanin ginshiƙai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aikin ya ƙara mini ganin girman masu waldar gida, waɗanda ke ƙera kariyar motocin kasuwa ba zane ba kwamfuta, ta yi shekaru tana ɗaukar buhuna. Mu 'yan boko mun saba raina sana'ar hannu, alhali lissafin da muke yi a aji ba ya zama ilimi mai amfani sai ya haɗu da ƙarfe. In mun koma gida da takardar digiri, ya kamata mu koma da hannun da ya san guduma, mu zauna da waɗannan mutane, mu ba su lissafi su ba mu gogewa.

Allah ya ba mu sa'ar karatu, ya tsare mu a hanya, ya maida mu gida lafiya. Amin.