Jar Dara a Tabarmar Kawu

Duk wanda ya tashi a Gazawa, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Tasawa da Damagaram, ya san jar dara a kan dattawa ranar Juma'a da ranar idi. Ni kuwa a tabarmar kawuna na san ta, bayan ta tsufa masu ita sun yar.

Kawu maɗinkin kayan doki ne. Yakan bi gida-gida yana sayen darar da asu ya ci, ya farke ta, ya jiƙa, ya danne da dutse har ta miƙe. Daga nan sai ya yanka ta siffa-siffa, ya ɗinka a kan jalala: tauraro, dagi, sawun zabo. Wasu siffofin daga bayan ƙwaryar kakarmu ya ɗauko su, wasu daga zanen bangon zaure. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya sayen sabon yadi. Ya miƙo mini almakashi, ya ce, "Yanka ka gani, ɗana." Na yanki yadi, zare ya biyo almakashin, na yanki dara, bakinta ya tsaya cak. Ya ce, "Abin da ya sha bugu ba ya zarewa."

Sai da na girma na san irin bugun da yake nufi. Dara ta ainihi a Tunis ake yin ta, sana'ar da ta bunƙasa a hannun Musulmin Andalus da aka kora daga Sifen tun daga 1609. Mata ne ke saƙa ta da ulu, ƙatuwa kamar jaka. Sai a kai ta El Batan, a bakin kogin Majarda, a yi ta bugu cikin ruwa da sabulu har ta tsuke, gashin ya sarƙe, saƙar ta ɓace. Sannan a taje ta da ƙaya, a rina ta ja. A dā ayarin raƙuma ke kawo ta ƙasar Hausa ta Gadamus da Gat da Azbin, hanyar da Heinrich Barth ya biyo wani sashenta kafin ya ratsa Gazawa a watan Janairu 1851. Kawu bai taɓa jin sunan El Batan ba, amma hannunsa ya karanta labarin duka.

Shekarar da na gama firamare ya ce in zauna ya koya mini. Na ce lakwal zan ci gaba. Bai yi fushi ba. Ya dai naɗe tabarmarsa da wuri a ranar. A lokacin babur ya fara korar doki daga ƙofar gidaje, masu neman jalala sai sarakuna, su ma sai salla ta gabato. Ya rasu bai bar almajiri ba.

Ban ce na yi kuskure ba, domin da alƙalami nake ci da iyalina. Amma da aka raba kayansa, jalala guda na roƙa, wadda bai gama ba: taurari bakwai a ɗinke, gurbin na takwas a zane da alli. Guntun darar yana nan cikin gafakarsa, a yanke, tare da allura. Sau uku ina zura zare, sau uku ina ajiyewa.