Injin Motar Kawu Da Jan Tirela

Jama'a, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a garejojin birnin Katsina, wato shin injin gas da aka sauke aka sake haɗawa, ana iya amince masa ya ja kaya mai nauyi zuwa daji ya komo lafiya? Wasu suna cewa inji in dai an taɓa buɗe cikinsa, to ya zama ɗinkakkiyar ƙwarya, ba ta sake riƙe ruwa kamar da. Wasu kuwa cewa suke yi gyararren inji ya fi wanda ba a san asalinsa ba. Ni dai ba bakanike ba ne, ɗalibi ne, amma ina da abin cewa, domin kuɗin makarantata daga gumin irin wannan inji suke fitowa.

Kawuna yana da wata tsohuwar mota ƙirar Toyota Land Cruiser, irin wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja in an shiga rairayi ko taɓo. Injinta shi ne wanda ake kira 1HZ, wanda kamfanin ya fara fitarwa a 1990. Silinda shida gare shi, girmansa lita 4.2, ba shi da tabo, ba shi da kwamfuta. A Ingila da Ostireliya, irin wannan mota Turawa kan ɗaura mata ɗaki mai taya, da gado da murhu a ciki, su ja su tafi shan iska. Mu kuwa a nan ba hutu muke ja ba, abinci muke ja. Da bazara tirelar Kawu tankin ruwa take ɗauka mai cin lita 1,000, wato nauyin tan guda ke nan ban da ƙarfen tirelar. Da damina ta faɗi sai taki, da kaka kuma buhunan gero da wake daga gonarsa ta wajen Mashi, da na maƙwabta waɗanda suke biyan kuɗin dako. Da wannan ake ci da gida, da shi ake biya mini rajista.

To, a shekarar 2023 sai injin ya fara nuna gajiya. Da safe sai an yi ta fama kafin ya tashi, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana bin mota, baƙin mai kuwa kullum sai an ƙara. Abokan Kawu suka ce ya sayi inji ɗan Beljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar mota a Turai ko wata ƙasa aka shigo da shi ta Legas ko Kwatano. Amma a shekarar ne darajar naira ta faɗi, kayan waje suka yi tsada ƙwarai. Ban da haka, Kawu ya ce mini, “Ɗana, injin Beljiyam cinikin biri a sama ne. An wanke bayansa yana ƙyalli, amma wa ya ga cikinsa? Wannan kuwa na san ciwonsa.” Saboda haka aka yanke shawara a sauke.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san abin da ya raba injin gas da na fetur. Shi wannan inji, wanda Bajamushen nan Rudolf Diesel ya samu nasarar tayar da shi a 1897, ba ya amfani da tartsatsin fulogi. Iska zalla fistan yake matsewa, har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 22 na girmanta, ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ke nan duk ƙarfinsa a matsi yake. In ringi ya cinye ko ramin silinda ya buɗe, matsi ya zurare, ƙarfi ya tafi. Don haka gyaransa ba aikin ido ba ne, aikin awo ne, kuma awon da ake magana bai kai kaurin gashin kai ba a wasu wuraren.

Bakaniken da Kawu ya kai wa aikin dattijo ne, ya fara koyo tun zamanin da Land Rover ce sarauniyar daji. Da ya buɗe injin ya auna, sai ya ce, “Alhaji, gyara iri biyu ne. Akwai na kwana biyu: in sa sabon ringi da gasket in rufe, hayaƙi ya ɗauke, ka ji daɗi. Akwai kuma na mako uku, kuɗinsa ya ninka wancan. In yawon gari za ka yi, na farko zai ɗan kai ka. In ja za ka yi, ba na sa hannuna sai a na biyu.” Kawu ya ce, “Malam, yi na biyun.” Sai da aka sayar da bijimi guda kafin kuɗin su cika.

Da yake lokacin hutu ne, kusan kullum ina garejin. An kai bulok wurin masu injin gyaran ƙarfe, suka faɗaɗa ramukan da rabin milimita, aka sa fistan daidai da sabon awo. An goge karanshaf aka sa metal da ya dace da shi. An duba kan silinda ko ya tsage ko ya lanƙwashe. An kai nozul da famfon mai wurin masu gwada su. Kayan kuwa dattijon da kansa ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya zaɓo, don ya ce jabu da gangariya kwalinsu ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ya nace a kan lagireto da famfon ruwa da bel ɗin taimin, alhali ba su ne suka kawo mu ba. Ya ce sabon inji da tsohon lagireto kamar sabuwar riga ce a jikin mai ƙazuwa.

Gaskiyarsa ta fito a kan wani maƙwabcinmu, wanda ya yi gyaran kwana biyu a wani gareji daban. Wata biyu yana yawo cikin gari ba abin da ya ji. Ranar da ya ɗaura tirela cikin zafin watan Afrilu, lokacin da Katsina kan wuce digiri 40, bai kai rabin hanya ba ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone, inji ya buga. A daji ya kwana da kayan mutane. Kowa kuwa ya san yadda wasu hanyoyin jiharmu suka koma a shekarun nan, lalacewar mota da magariba ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Dalilin abin a fili yake: mota ba kaya tana amfani da kaɗan ne daga ƙarfinta, amma mai jan tan biyu cikin rairayi tana aiki da dukkan ƙarfinta na tsawon sa'o'i, ga shi tafiyar a hankali ce, iskar da ke sanyaya lagireto ba ta da yawa. Duk wani algus da aka rufe a ciki, nan yake tonuwa.

Ko da aka gama namu aikin, dattijon bai sallame mu haka nan ba. Ya kafa wa Kawu sharuɗɗa. Kada a ɗaura tirela sai an yi kilomita 1,000, kuma a juye baƙin mai da wuri don ya fitar da garin ƙarfe. A riƙa kakkaɓe matatar iska, musamman da hunturu, domin ƙura in ta shiga silinda aikin dutsen wāshi take yi. A sayi gas a inda aka yarda da shi. In an zo hawa ko yashi a sauko da giya tun da wuri, kada a bari inji ya riƙa nishi. Ido kuma kullum a kan allurar zafi. Kawu ya riƙe waɗannan kamar karatun allo. Daga lokacin zuwa yau motar ta kwaso amfanin gona kaka bayan kaka, ba ta taɓa kwana a hanya ba.

Saboda haka in aka tambaye ni ko gyararren inji abin amincewa ne, sai in ce tambayar ba ta cika ba. A tambaya wa ya gyara, me ya auna, ina ya sayo kaya, kuma wa zai tuƙa. Kalmar “an sauke” tana rufe aiki iri biyu waɗanda ba su haɗa komai ba sai suna. Ƙarfe ba ya ƙarya, abin da aka ba shi shi yake mayarwa.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, musamman na wannan ƙungiya, mu leƙa garejojin nan da littafi da alƙalami. Akwai ilmi da kalmomi masu yawa a bakin dattawan makanikai waɗanda ba a rubuta ba, kuma in suka kau sun tafi da su. Allah ya ba mu masu sana'a masu riƙon amana, ya kuma ba mu haƙurin biyan haƙƙin aikinsu, amin.