Idan likita ya ce "yaron nan babba ne"

'Yar'uwa, idan kin je awo aka yi miki sikanin, likita ya ce "yaron nan fa babba ne," kada ki fito sai kin tambaye shi kilo nawa. Mu mata mun saba cewa "to" mu ɗauki kati mu fita, sai a cikin keke napep tambayoyin su zo mana.

Jaririn da ya kai kilo 4 shi likitoci ke kira babba, amma hakan kaɗai bai wajabta tiyata ba. Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ce a fara tunanin tsara tiyata idan ana hasashen nauyin ya kai kilo 5, ko kilo 4.5 ga mai ciwon suga. Kuma sikanin ba sikeli ba ne. Kai da ciki da ƙashin cinya ake aunawa a yi ƙiyasi, wanda kan kauce da kashi 10 cikin 100, wani lokaci fiye.

Haihuwata huɗu, ukun farko da kaina. Ta ukun ta zo da kilo 4 da ɗoriya, na sha wuya amma muka rabu lafiya. A ciki na huɗu aka gano suga ya hau mini a wata na bakwai, aka ƙiyasta yaron zai haura kilo 4.5. Likitar ta yi mini bayanin da ban taɓa ji ba: ɗan mai suga ƙibarsa a kafaɗa da ƙirji take taruwa. Kai zai iya fitowa, kafaɗa ta maƙale a bayan ƙashin mara, kuma a wannan halin mintoci kaɗan ake da su. Wajen fitar da shi jijiyar hannu na iya lalacewa, hannun ya shanye, ko numfashi ya yanke masa, uwa kuma ta samu mummunan ƙari ko zubar jini. Wata kuwa kan ma ba zai sauko ba, ta kwana biyu a durƙushe, ta tashi da yoyon fitsari.

Ban sha wahalar amincewa ba, wahalar a gida take. Surukata, mace mai ƙaunata, ta ce ita tara ta haifa a ɗaki, babu wanda ya sa mata wuƙa. Gaskiya ta faɗa. Sai dai ba a lissafa sa'o'inta da suka tafi wurin haihuwa, don ba sa nan balle su ba da labari. Gardama ba ta yi mana amfani ba. Abin da ya yi amfani shi ne maigida ya ɗauke mu ni da ita zuwa awo na gaba, ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta da Kanuri aka amsa mata.

Kai ma maigida, da kai nake. A asibitocinmu sa hannunka za a nema, kuma za a ce a tanadi jini. Mu a Maiduguri tun 2011 aka hana babura, kuma ka san yadda samun abin hawa yake ƙarfe biyun dare daga Bulumkutu ko Gwange. Tiyatar da aka sa wa rana, aka yi gwajin jini, likita ya zo da safe a natse, daban take da wadda ake yi bayan mace ta galabaita ana neman ka a waya. Ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ko na Ƙwararru na jiha, ko duk inda take awo, ka ji kuɗin aikin tun da sauran lokaci. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi. Ka tambaya ko asibitinku na cikin shirin.

Ba zan ce miki aikin wasa ne ba. Allura aka yi mini a baya, rabin jikina ya mutu, idona biyu na ji kukan yaron, kilo 4.7. Bayan allurar ta saki ne na san an yanka ni. Tari ma sai na dafe ciki da filo. Akwai haɗarin ciwo ya yi ruwa, kuma tabon mahaifa yana bin mace zuwa ciki na gaba. Likitoci kan so a huta kusan shekara biyu, haihuwa ta gaba kuma lallai a asibiti, yawan maimaita aikin kuma na ƙara haɗarin mabiyiya ta manne. Idan kina son haihuwa da yawa nan gaba, ki faɗa wa likita, domin yana cikin abin da zai duba.

Sai maganar jego. Ki sanar da mai yi miki wanka tun kafin a sallame ki: ba a kaɗa tafasasshen ruwa da ganye a kan ɗinki, ba a danna ciki. Idan wurin ya yi ja, ko yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya rufe ki, ki koma asibiti a ranar, kada ki ce sai bayan suna.