Wasan Angry Birds da Danƙon da Muka Baro a Gida

Yau ina so ne mu ɗan tattauna a kan wani wasa da ake saukarwa a wayar hannu, wanda na san da yawanmu sun taɓa ganinsa a hannun 'ya'yansu ko ƙannensu, wato Angry Birds.

Wani kamfani mai suna Rovio da ke ƙasar Finland ne ya fitar da shi a watan Disamba na 2009, da farko a kan iPhone, sannan a 2010 ya iso wayoyin Android. Kafin ƙarshen 2012 an saukar da shi fiye da sau biliyan 1. A 2016 aka yi fim a kansa, a 2023 kuma kamfanin Sega na Japan ya sayi Rovio ɗin gaba ɗaya.

Labarin wasan ba shi da tsawo. Wasu korayen aladu ne suka sace wa tsuntsaye ƙwai, suka ɓuya a cikin gine-gine na katako da gilashi da dutse. Kai kuma an ba ka danƙo, sai dai maimakon tsakuwa, tsuntsayen ne kake ɗanawa ka harba. Kowane tsuntsu da aikinsa: shuɗin yakan rabu uku ya fasa gilashi, rawayan yakan ƙara gudu ya ratsa katako, baƙin kuma fashewa yake yi kamar bom. Idan ka kashe aladun duka ka tsallake, kuma duk tsuntsun da ka rage ba ka harba ba, maki 10,000 ne.

To mai karatu, abin da ya ja hankalina shi ne danƙon nan. Mu da muka tashi a karkara mun san shi tun ba mu san karatu ba. Reshe mai gwafa za ka saro, ka yanko roba daga tsohon tib ɗin keke, ka samo 'yar fata wajen baduku. Ba don wasa kawai muke yin sa ba. Idan gero ya fitar da kai, jan-baki suka sauko, yaro da danƙonsa shi ne mai gadin abincin gidan. Can mu muke harbin tsuntsu, nan kuma tsuntsun ne harsashi. Ikon Allah!

Gaskiya wasan yana da abin koyarwa. Bayan kowane harbi yakan bar maka ɗige-ɗigen hanyar da tsuntsun baya ya bi, don ka gyara saiti. Yaro zai gane da kansa cewa idan ya ɗaga sama da yawa abin kusa zai faɗo, idan ya kwantar kuma ba zai je ko'ina ba, tsaka-tsaki ne ke kai shi nesa. Zai kuma gane cewa ginshiƙi ake nema, ba rufi ba.

Amma akwai bambanci babba. A waya idan ka kuskure, maɓalli guda za ka danna komai ya dawo sabo. A gona kuwa tsakuwar da ta fita ta fita ke nan, in ta sami tulun maƙwabta ko goshin wani, kai da iyayenka ne za ku amsa. Wannan ne ya koya mana duba abin da ke bayan abin da za mu harba. Ɗana da aka haifa a nan Legas ya fi ni iya wasan nesa ba kusa ba, amma bai taɓa riƙe danƙo ba, kuma sunayen tsuntsayen da Turanci ya san su. Kurciya, hasbiya da gauraka kuwa, sai dai ya ji a bakina. Ban ga laifinsa ba, ɗaki ɗaya da baranda ina filin harbi?

Shawarata ita ce kada mu ƙwace wayar, mu zauna tare da su. Idan yana wasan, ka riƙa faɗa masa da Hausa: ɗana, saita, saki. Idan an je gida hutu ko bikin Sallah, a haɗa shi da 'yan uwansa su sassaƙa masa nasa, a kafa gwangwani a bayan gari ya gwada hannunsa. Sannan a kula, Angry Birds 2 da ya fito a 2015 kyauta ake saukar da shi, amma a ciki ana sayar da abubuwa, don haka kar a bar katin banki a haɗe da wayar da yaro ke riƙewa.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya mai da mu gida lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.